Hajiya ta ce in rubuta "taimako", ni kuwa na san ladan aiki ne

Assalamu alaikum Anti,

Ni ce ma'ajiyar wata ƙaramar ƙungiyar mata a unguwar Bronx ta birnin New York. Yawancinmu 'yan zangon Ghana ne da 'yan Nijar, sai 'yan Najeriya kaɗan. Muna da rajistar ƙungiyar agaji ta 501(c)(3), kuma abin da ke shigo mana a shekara bai wuce dala 80,000 ba. Da farko aikinmu shi ne buɗa-baki da azumi, gudummawar jana'iza da makarantar Asabar ta yara. Daga baya muka shiga taimakon 'yan matan da ake kawowa aikatau, a karɓe musu fasfo a kulle su a gida.

A 2025 mun biya mutum huɗu. Akwai tafinta mai raka mata asibiti da ofishin lauya, ta karɓi dala 3,400 ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki. Akwai malamin makarantar Asabar, dala 150 kowane mako. Akwai wani yaro a Maraɗi mai duba rijiyoyin da muka haƙa yana turo hotuna, dala 100 a wata. Sai wani bawan Allah, direba ne, yana shiga gidajen mutane, shi ke tsegunta mana inda aka ɓoye yarinya. Ta dalilinsa muka fitar da biyu, shi ya ɗauko su da motarsa. Dala 200 muke sa masa a ambulan kowane wata. Ya roƙe mu don Allah kada sunansa ya shiga kowace takarda, domin masu gidajen manyan mutane ne kuma sun san iyalinsa a gida.

Ba mu cika wa kowa takardar haraji ba. Hajiya shugabarmu ta ce in rubuta duka a matsayin taimakon mabuƙata. Ta ce mu ba ma biyan haraji, asirin mutum amana ne, kuma an gaya mata doka ta yafe wa ƙungiyoyin agaji bayyana masu kawo labarin laifi. Ni ce zan sa hannu a takardar shekara da ƙungiya ke aika wa hukumar haraji. Anti, Hajiya ce ta karɓe ni ranar da na sauka ƙasar nan, a ɗakinta na zauna har na samu aiki. Ba na iya ɗaga ido in musa mata, amma raina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Ma'ajiya, daga Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Kada ki rubuta "taimako". Wannan shi ne abu na farko, kuma ina so ki riƙe shi kafin mu shiga lissafi. Ranki da ya ƙi kwanciya gaskiya ya gaya miki. Amma ki kwantar da hankali, abin da ya faru yana da gyara, kuma za a iya gyara shi ba tare da an tona asirin direban nan ga mutanen da yake tsoro ba.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba da ta ce ba kwa biyan haraji. Rajistar 501(c)(3) ta ɗauke wa ƙungiya harajin tarayya a kan gudummawar da take samu. Iyakar abin ke nan. Ba ta ɗauke wa wanda kuka biya harajinsa ba, ba ta kuma ɗauke muku nauyin sanar da hukumar haraji ta IRS cewa kun biya shi ba. A wajen IRS, in ana maganar biyan mutum ladan aiki, ƙungiyar agaji da shagon kasuwa hukuncinsu ɗaya, kuma haka yake a rubuce cikin bayanin takardun 1099, wato takardun da ake sanar da IRS kuɗin da aka biya mutum. Ko masallaci da coci, da doka ba ta tilasta musu cika takardar shekara ta 990 ba, in suka ɗauki mai gyaran famfo suka biya shi abin da ya kai adadi, sai sun cika masa.

Mu fara da mai sauƙi. Tafinta 'yar kwangila ce a bisa yadda kika bayyana ta: ana kiranta in buƙata ta taso, ta zo ta yi ta tafi. Za ki ba ta fom ɗin W-9 ta rubuta sunanta, adireshinta da lambarta ta haraji, ki adana shi a wajenku, ba a aika shi ko'ina. Da shi za ki cika 1099-NEC, wato 1099 ta ladan ɗan kwangila, kwafi ɗaya gare ta, ɗaya ga IRS. Kuɗin da aka biya a 2025 da shekarun baya, da zarar ya kai dala 600 a shekara takardar ta wajaba. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga adadin zuwa dala 2,000, amma ga abin da aka biya daga 1 ga Janairun 2026 zuwa gaba, ba ta koma baya ba. Dala 3,400 ta haura dukan biyun. Batun Zelle kuma yana ruɗa mutane da yawa. In da katin banki ko PayPal kuka biya, kamfanin da ya wuce da kuɗin ne ke da alhakin rahoto ta takardar 1099-K. Zelle ba ya yin wannan, tura kuɗi ne kawai daga asusu zuwa asusu, don haka nauyin yana kanku kamar kun ba ta cak.

Wa'adin 1099-NEC shi ne 31 ga Janairu, in ranar ta faɗo ƙarshen mako sai ranar aiki ta gaba. In ya wuce ku, a cika a aika yanzu, kada a ce tunda an makara a bari. Tarar tana hawa ne da daɗewa: ga takardun 2025, dala 60 a kowace takarda in an kai cikin kwana 30, dala 130 in an kai kafin 1 ga Agusta, bayan nan ta haura 300. Kuma sau biyu ake lissafa ta, ɗaya don ba a aika wa IRS ba, ɗaya don ba a ba mai ita ba. Ƙaramar ƙungiya da ba ta taɓa laifi ba tana iya rubuta uzurinta ta nemi a yafe. Abin da ba a yafewa da sauƙi shi ne a gano an sani aka ƙi, nan tarar takan ninka, ta haura dala 600 a takarda ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka ɓoye, duk wanda ya fi yawa. Jiya ba ki sani ba. Yau kin sani, don haka matsayinki ya canza. IRS tana da shafin intanet mai suna IRIS da ake aika waɗannan takardu kyauta.

Yaron Maraɗi ba shi da wahala. Ba ɗan Amurka ba ne, kuma a Nijar yake yin aikin, doka kuwa inda aka yi aiki take dubawa, ba inda kuɗin ya fito ba. Babu 1099 a kansa. Ya cika W-8BEN, fom ɗin da ke shaida cewa shi ba ɗan Amurka ba ne, ya turo miki, ki haɗa da rasidin turawa da hotunan da yake aikowa, ki rubuta "ladan duba rijiyoyi".

Malam ne na fi jin tsoronsa a kanki ke kanki, duk da ba shi ya hana ki barci ba. Ki tambayi kanki: wa ya sa ranar karatu da sa'o'insa? Wa ya kama ɗakin, wa ya sayi allo da littattafai, wa ya zaɓi yaran? In ranar Asabar ba zai zo ba, yana iya turo wani ba tare da izininku ba? In duk amsoshin suna komawa ga ƙungiya, to a idon doka Malam ma'aikacinku ne, ko da awa uku yake yi a mako. Ma'aikaci kuwa takardarsa W-2 ce, a cire masa kashi 7.65 cikin 100 na asusun fansho da lafiyar tsofaffi, ƙungiya ta ɗora nata kashi 7.65, a tura wa gwamnati. Limamai suna da wasu hukunce-hukunce na daban, saboda haka akanta ya duba ko Malam yana cikinsu. Abin da ya sa na ce a kanki: kuɗin da ya kamata a cire daga albashi a miƙa, in aka ƙi da gangan, sashe na 6672 na dokar haraji ya ba IRS damar bin mutumin da ke riƙe da kuɗin ƙungiya, ta karɓa daga aljihunsa. Akwai sassauci ga 'yan kwamitin sa-kai waɗanda suna kawai suka ara, ba sa taɓa kuɗi, ba su san abin da ake ciki ba. Ma'ajiya mai rubuta cak ba ta cikin waɗannan.

Yanzu direba.

Wanda ya gaya wa Hajiya akwai sassauci ga masu kawo labarin laifi ya ji wani abu na gaskiya, sai dai bai ji shi duka ba. Ƙa'idar tana nan, lamba 1.6041-3(l) cikin ƙa'idojin ma'aikatar kuɗi. Ta ce kuɗin da aka ba mai tsegumi a matsayin tukwici ko lada saboda bayanin da ya shafi aikata laifi ba sai an kai rahotonsa ba, in gwamnati ce ta biya, ko kuma ƙungiyar 501(c)(3) ce ta biya don cika manufarta ta rage wa gwamnati nauyin da ke kanta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda maganar take. Irin ƙungiyoyin da suka fi dacewa da shi su ne Crime Stoppers, da wani ɗan sanda mai suna Greg MacAleese ya fara a birnin Albuquerque a 1976. Mutum ya buga waya, ba a tambayar sunansa, a ba shi lamba. Labarin ya tafi wajen 'yan sanda, in ya kai ga kama mai laifi kwamitin ƙungiyar ya amince da tukwici, mutumin ya je ya karɓa da lambarsa. Tun daga tushe tare da 'yan sanda aka gina tsarin.

IRS tana auna "rage wa gwamnati nauyi" da abu biyu, kamar yadda ta bayyana a hukunce-hukuncenta na 1985. Na ɗaya, a ga alama a zahiri cewa wata hukumar gwamnati ta ɗauki wannan aikin a matsayin nata nauyin kuma tana aiki da ku a kansa. Na biyu, a ga cewa da gaske kuna rage mata shi. Cewa aikinku alheri ne, kuma gwamnati za ta ji daɗinsa in ta ji labari, bai wadatar ba. To ki duba naku. A wasiƙarki ban ga 'yan sanda ba, ban ga ofishin mai gabatar da ƙara ba, ban ga wata yarjejeniya ba. Labarin a wajenku yake tsayawa, ku ke zuwa ku fitar da yarinya. Sannan dala 200 ɗin kowane wata take fita, ya kawo labari ko bai kawo ba, kuma a cikinta har da ɗaukar 'yan matan da motarsa. Wannan ya fi kama da alawus na mai yi muku aiki fiye da tukwicin tsegumi. A ganina ƙa'idar ba ta rufe ku ba a yadda kuke yanzu. In kwamitinku yana ganin ta rufe ku, lauyan haraji ya duba takardun rajistarku ya rubuta muku ra'ayinsa a takarda, a sa a fayil. Ba abin da ake ɗauka daga hirar bayan sallar Juma'a ba ne.

Kuma ko da ta rufe ku, abu ɗaya kawai ta ɗauke: aika 1099. Kuɗin yana nan a matsayin abin da direban ya samu, shi zai bayyana shi a takardar harajinsa. Littafinku kuma dole ya faɗi gaskiyar abin da aka biya da dalilin biyansa. Babu inda ƙa'idar ta ce a canza wa kuɗin suna.

Na san abin da ke zuciyar Hajiya, kuma ina girmama shi. Mutumin nan ya sa kansa cikin haɗari saboda 'ya'yan mutane. Gidan da yake shiga yana gaisawa, a ba shi ruwa, ya hango yarinya tana wanke-wanke ba ta ɗaga kai, ya lura ba a taɓa barinta ta fito ko bakin ƙofa ba, ya dawo ya faɗa muku. In maigidan ya gane shi ne, ba a Bronx kaɗai abin zai tsaya ba, waya ɗaya ta isa a tayar wa mahaifiyarsa hankali a gida. Rufa masa asiri wajibi ne a kanku. Tambayar ita ce, daga wa ake rufawa? Daga masu gidajen, da 'yan ƙungiyar da ba ruwansu, da mai ɗaukar magana daga gidan suna zuwa gidan biki. Duk waɗannan babu wanda ke ganin 1099. Takarda ce tsakaninku da shi da IRS, kuma sashe na 6103 ya hana ma'aikatan hukumar bayyana ta ga jama'a.

Wadda kowa ke iya gani ita ce takardar shekara. Ku da kuɗinku ya haura dala 50,000 amma bai kai 200,000 ba, in kadarorinku ba su kai 500,000 ba, 990-EZ ce taku, wa'adinta 15 ga Mayu in shekarar lissafinku tana ƙarewa a Disamba. Wannan kam duk mai waya zai iya buɗe ta a intanet. Amma jimla take nunawa: layi na 10 tallafin da aka bayar, layi na 12 albashi, layi na 13 abin da aka biya 'yan kwangila. Ba a rubuta sunan ɗan kwangila sai wanda ya karɓi sama da dala 100,000. Dala 2,400 ta direba za ta shige cikin jimlar layi na 13 tare da ta tafinta, ba suna, ba alama. Abin da Hajiya take so ki yi shi ne ki ɗauke wannan kuɗin daga layi na 13 ki kai shi layi na 10. Ba zai ƙara wa direban kariya ko ta ƙwayar zarra ba, ke kuma kin sa hannu a ƙarƙashin rantsuwar cewa abin da ke takardar gaskiya ne, domin haka aka rubuta a saman wurin sa hannun.

A cikin gida kuma ga yadda za ku yi. A littafin kuɗi da ake karantawa a taro, a ba shi lamba, a rubuta misali "mai kawo rahoto na 1, ladan watan Maris, dala 200". Sunansa da W-9 ɗinsa su zauna a ambulan ɗaya a kulle, mutum biyu kawai suka sani, ke da Hajiya, sai akanta in zai cika takarda. Kada ya shiga wayar kowa, kada ya shiga zauren WhatsApp na kwamiti. Duk ranar da aka ba shi kuɗi ya sa hannu a ƙaramin rasidi, ku biyu ku sa a ƙasa, rasidin ya bi ambulan ɗin. Kwafinsa na 1099 ki miƙa masa hannu da hannu, kada ya je akwatin wasiƙar gidan haya da mutum biyar ke buɗewa. Kuɗi hannu ba laifi ba ne in akwai rasidi. Abin da nake roƙonki kada ku kusanta shi ne ƙirƙiro sunan da babu shi, ko rubuta cak da sunan matarsa ko abokinsa, ko buɗe wani asusu da sunan wani kasuwanci na bogi don kuɗin ya bi ta can. Daga nan an bar maganar tarar makara an shiga maganar yaudarar banki da ƙarya a takardar gwamnati, kuma wannan kotun laifi ce.

Wataƙila tsoronsa bai tsaya ga masu gidajen ba. Ba ki faɗi matsayin takardunsa na zama ba, ni ma ba na so ki rubuto mini. Wanda ba shi da lambar Social Security, wadda ake ba ɗan ƙasa da mai izinin aiki, yana iya neman lambar biyan haraji ta ITIN ta fom ɗin W-7, da ita mutane da yawa suke biyan haraji tun 1996. Amma ba zan ce miki babu abin dubawa ba. A watan Afrilun 2025 IRS ta ƙulla yarjejeniyar musayar wasu bayanai da hukumar shige da fice, maganar ta kai kotu. Ga kuma dokar da ta hana a ɗauki aikin mutum, ko da ta kwangila ce, alhali an san ba shi da izinin aiki. In akwai wannan a lamarinsa, ya zauna da lauyan shige da fice kafin a cika komai, ku ma ƙungiya ku nemi naku. Akwai ofisoshin taimakon masu ƙaramin ƙarfi kan rigimar haraji da ake kira LITC, da masu cika takardar haraji kyauta na shirin VITA, duk ana samunsu a New York.

Ki zauna da shi ki gaya masa gaskiya, shi ma babba ne, yana da haƙƙin ya zaɓa. In ya yarda ya cika W-9, shi ke nan. In ya ƙi, doka ta ce ku riƙa cire kashi 24 cikin 100 na abin da kuke ba shi ku tura wa IRS, a kai rahotonsa ta fom na 945, kuma wanda bai cire ba ana iya binsa kuɗin. A dala 2,400 wannan ya kama 576. Na 2025 dole a cika masa 1099 ko bai ba da lamba ba, ki ajiye shaidar cewa kin nema. Na gaba kuma akwai wata hanya: ku daina alawus ɗin, ya zama ɗan sa-kai, ku riƙa mayar masa da ainihin abin da ya kashe na mai da kuɗin gada da na ajiye mota, da rasidi. Mayar wa mutum kuɗin da ya kashe a hidimar ƙungiya, in an kawo shaida, ba samu ba ne, ba shi da 1099. In kuma kuka rage ladan har jimlar shekara ta gaza dala 2,000 da gaske, ba tare da an bi da ragowar ta bayan gida ba, 1099 ba ta wajaba a 2026, sai dai akanta ya duba maganar kashi 24 ɗin, domin wanda takarda ta wajaba a kansa bara yana da nasa hukuncin.

Shi taimako na gaskiya yana nan da matsayinsa. Kuɗin hayar da kuka biya wa yarinyar da kuka fitar, da tufafin sanyi, da gudummawar kai gawa gida, duk kyauta ce, babu haraji a kan wanda ya karɓa, babu 1099. IRS tana so ne kawai ku ajiye sunan wanda aka ba, nawa ne, don me, yaya aka zaɓe shi, kuma ko yana da dangantaka da wata a cikin shugabanni. Bambancin ɗaya ne: an ba shi don yana cikin buƙata, ko an ba shi don ya yi wani abu? In direban ya faɗa cikin matsala wata rana, ya nemi tallafi kamar kowa, kwamiti ya duba. Amma kuɗin da za a daina bayarwa ranar da ya daina kawo labari lada ne, ko shi talaka ne. Hajiya ta san wannan a karatunta, domin a rabon zakka ma an ware kason masu aikin tattara ta daban da na fakirai da miskinai. Matan da suka cire dala ashirin-ashirin daga kuɗin aikin kula da tsofaffi suka ba ku suna da haƙƙin sanin nawa ya tafi ga mabuƙata, nawa ya tafi ga masu aiki.

Akwai wani dalilin da ya fi haraji nauyi a wajena, shi ne su 'yan matan. Dokar kare waɗanda aka yi safararsu ta shekarar 2000 ta ba irinsu damar neman bizar T, wadda ke ba su izinin zama a Amurka, ana kuma iya gurfanar da wanda ya tsare su. Ranar da magana ta kai kotu, lauyan maigidan zai nemi ya san yadda aka gano yarinyar, wa ya faɗa, an biya shi ko ba a biya shi ba. In littafinku ya ce "ladan mai kawo rahoto", an biya, an rubuta, lauyanku ya san yadda zai nemi kotu ta kare sunan. In littafin ya ce "taimakon mabuƙaci" sannan aka gano ba haka ba ne, an ba lauyan abin da zai ce ƙungiyar nan maƙaryata ce, kuma yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba ita za ta ɗauki asarar. Don haka ma nake ba ku shawara kada ku ci gaba da wannan aikin ku kaɗai. Ku haɗa kai da lauyoyin da suka ƙware a shari'ar safarar mutane, su gaya muku ko biyan mai kawo labari yana taimakon shari'ar ko yana raunana ta. Fitar da yarinya daga gidan mutum da motar direba, ba jami'i ba lauya, haɗari ne gare shi da ita da ku.

Saura Hajiya, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa kika rubuto. Kada ki tayar da maganar a taro. Dattijuwar da aka musa wa a gaban ƙannenta za ta kare matsayinta ko ta gane gaskiya. Ki je gidanta, ki gaishe ta yadda kika saba, ki bari a ci abinci. Sannan ki ce, "Hajiya, na zo neman shawara ne a kan abin da nake tsoron zai taɓa ki ya taɓa ƙungiya." Ki fara da abin da kuka haɗu a kai, cewa sunan bawan Allahn nan ba zai fita ba. Ki buɗe mata 990-EZ ta wata ƙungiya a wayarki ta gani da idonta cewa babu sunan kowa a layi na 13. Ki nuna mata ambulan ɗin da za a kulle, ki ce mabuɗi ɗaya a hannunta. Ki gaya mata gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sannan ki roƙe ta ku je wajen akanta tare, wanda ya saba da ƙungiyoyin agaji, domin abin da zai yi mata nauyi ta karɓa daga bakin yarinyar da ta riƙa, za ta karɓe shi daga bakin mai sana'ar.  Ku tafi da bayanan banki na shekarar, da jerin Zelle, da littafinki, ya duba muku har da takardar CHAR500 da jihar New York ke karɓa daga ƙungiyoyin agaji kowace shekara.

Ina kyautata zaton za ta yarda, domin macen da ta buɗe ɗakinta ga baƙuwa ba za ta so ta jefa ta a wuta ba. In kuma ta dage, to kada ki sa hannu. Ki rubuta wa kwamitin amintattu gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ki faɗi kuɗin da aka biya, da takardun da kike ganin sun wajaba, da cewa kin nemi a ga akanta, ba tare da sunan direba ba. Ki riƙe kwafi. In kwamitin ma ya ƙi, ki miƙa littafi da cak a gaban shaidu biyu, ki je banki a cire sunanki daga masu sa hannu a asusun, ki ci gaba da zama 'yar ƙungiya mai zuwa buɗa-baki da gaisuwar rasuwa. Ki ci gaba da zuwa gaishe da Hajiya kamar da, alherin da ta yi miki yana nan, ba da sa hannu a takardar rantsuwa ake biyansa ba.

Cikin makon nan ki buga W-9 guda biyu da W-8BEN ɗaya, ki fara da tafinta tunda nata ba shi da gardama, ki kuma nemi ranar ganin akanta kafin ki je gidan Hajiya don ki tafi da rana a hannu. Allah Ya ba ki sa'a, Ya saka muku da alheri a kan 'yan matan nan, Ya tsare direban da iyalinsa.

Antinki